Yadda nake goyo, daga zane da majanyi zuwa ƙyallayen zamani

Goyo aikin ƙyalle biyu ne, kuma kowanne da nasa aikin. Zane shi ke riƙe bayan yaro da wuyansa, ya manna shi da jikin uwa. Majanyi kuwa shi ke ɗaukar nauyi daga ƙasa. Yawancin goyon da ke zamewa, ko yake sa uwa ciwon baya kafin azahar, in kika duba za ki tarar an bar ɗaya yana yin aikin ɗan'uwansa: ko an yi goyo da zane kaɗai duk nauyin yaro yana rataye a ƙirji, ko an tamke majanyi an bar bakin zane na sama sakwa-sakwa. Sauran matsalolin kusan duka daga abu biyu suke fitowa, wato goyo ya yi ƙasa, ko ya yi sako-sako.

Zanen goyo yadi biyu ne, kashi ɗaya cikin uku na turmin atamfa mai yadi shida. Mace mai jiki ta sa a yanka mata yadi biyu da rabi, domin in bakin zane bai haɗe ya zarce har ɗaya hammatar ba, ba za ta sami abin sokewa ba. Ni atamfar auduga nake zaɓa, wadda ta sha wanki har ta saki. Sabuwar atamfa tana da sitaci da santsi, tana kwancewa da kanta ko da kin soke ta da kyau, don haka a wanke ta sau biyu ko uku kafin a goya yaro da ita. Atamfar roba ba ta shan zufa, kuma ba ta kama jikinta. Shadda da leshi da yadi mai sulɓi na kwalliya ne, ba na goyo ba. In za ki biki da su, ki ɗauki zanen goyo daban a jaka. Tsohon zane yana da daɗin goyo, amma ki ɗaga shi a rana ki duba: duk inda haske ke ratsawa fiye da sauran wuri, zaren ya mutu, kuma nan zai yage ranar da yaro ya yi nauyi. Tawul babba yana kama jiki sosai, ya dace da hunturu, sai dai a bazara zafinsa ya yi wa jariri yawa.

Majanyi na saƙi ya fi, saboda kaurinsa ba ya naɗewa ya zama igiya. In babu, a ninka wani zanen gida uku ta tsawo. Abin da ake so shi ne faɗinsa ya kama daga bayan gwiwar yaro har tsakiyar bayansa, tsawonsa kuma ya zagaye ku biyu ya bar abin ƙulli biyu. Gyale siriri ba majanyi ba ne. Yana shiga naman cinyar yaro ya bar shata, ke ma ya yanke miki haƙarƙari.

A gidajenmu wasu kan fara goyo da zarar cibiya ta faɗi ta warke, wasu sai an yi arba'in. Abin da nake dubawa ni shi ne wuya. Jariri ba ya iya riƙe kansa sosai sai wajen wata uku zuwa huɗu, kafin nan kansa ya fi ƙarfin wuyansa, duk inda ya faɗa nan zai tsaya. Saboda haka a makonnin farko na fi son ɗaukarsa a ƙirji inda nake ganin fuskarsa, in kuwa dole sai an goya a baya, to goyon ya zama gajere, zane ya rufe ƙeya, kuma da wani babba kusa da zai riƙa leƙa fuskar. Wadda aka yi wa tiyata wajen haihuwa ta jira sai an duba ta a asibiti an ce ɗinki ya warke, galibi bayan mako shida, kuma ko bayan nan kada ƙulli ya sauka a kan wurin.

Kada ki goya yaro da ya gama shan nono yanzu-yanzu. Ki saɓa shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ki ba shi ɗan lokaci, domin matsa ciki cike da nono shi ke kawo tumbiɗi, kuma tumbiɗi a baya ba ki ganinsa. Ki duba kunzugu ko famfas, ki cire masa duk wata riga mai maɓalli ko zif a gaba, ki cire sarƙa da duk abin da ke rataye a wuyansa. Ke ma in rigarki tana da zif ko duwatsu a baya, kuncinsa a kansu zai kwanta.

Yanzu ɗorawa. Ki fara ninka bakin zane na sama kamar faɗin yatsu huɗu, wannan ninkin shi ke ba bakin ƙarfi. Ki ajiye zane da majanyi inda hannu ɗaya zai kai, a bakin gado ko a kafaɗar kujera. Mai koyo ta yi a bakin gado ko a durƙushe kan katifa, kada ta yi a tsaye kan siminti. In jaririn ƙarami ne, wani ya ɗora miki shi, ya riƙe har ki gama ɗaurin sama. In ya fara riƙe wuya, ki ɗora shi a kan ƙugunki na dama, ki sunkuya har bayanki ya kusa shimfiɗewa, ki ɗaga hannun dama ki zagayo da shi ta kansa, ki tura shi ta ƙarƙashin hammata zuwa gadon baya, hannun hagu yana jiransa ta baya ya tallafi mazaunansa. A duk tsawon wannan, hannu ɗaya ba ya barin jikinsa. Akwai masu fizgar yaro ta hannu ɗaya su wurga shi baya. Na san an saba, amma gwiwar hannun ƙaramin yaro tana iya gocewa da irin wannan jan, sai a ga ya saki hannun yana kuka ba a san dalili ba. In za a ɗaga, a kama jikinsa ta ƙarƙashin hammata biyu.

Inda yaro ya zauna a bayanki tun farko shi ke yanke yadda goyon zai kasance. Ki tura shi sama, kansa ya zo tsakanin allunan kafaɗarki, yadda in kin waiwaya za ki ga goshinsa ko kuncinsa. Yana da kyau ki fara da shi sama fiye da inda kike so, domin da kin miƙe zai ɗan sauka. Ƙafafunsa su buɗe su rungumi ƙugunki, kuncinsa ya kwanta gefe ɗaya. Kina sunkuye, ki yafa zane a kansa, tsakiyar zanen daidai tsakiyar bayansa. Ga jariri, bakin sama ya kai ƙeya, daidai ƙasan kunne, hannayensa a ciki, a lanƙwashe kusa da fuskarsa. Ga wanda ya iya zama, bakin ya bi ta ƙarƙashin hammatarsa, hannaye a waje.

Ki kama bakin sama da hannu biyu, ki ja shi gaba ta ƙarƙashin hammatarki. Ja na gaske, ba lallaɓawa ba. Ki fitar da numfashi kafin ki ɗaure, domin in kika ɗaure ƙirjinki cike da iska, da kin sake numfashi zane ya yi sako-sako. Ki kai gefen hagu har hammatar dama, ki danne shi da damtse, ki ɗora gefen dama a kansa, ki murɗa ƙarshen ki soke, sannan ki naɗe bakin gaba ɗaya zuwa waje sau ɗaya ko biyu. Wannan naɗin shi ke kulle sokewar. Ɗaurin ya zauna a saman ƙirji, sama da nono, ba a kan naman nono ba. Kada ki miƙe kafin ki gama wannan.

Ƙasan zane akwai hanya biyu. Ko ki bar shi ya sauka ya rufe ƙafafun yaro, majanyi ya hau kansa, wanda ya fi a lokacin sanyi da sauro. Ko ki tattaro ƙasan ki cusa shi ƙarƙashin mazaunansa ya zama kamar wurin zama, ƙafafunsa su fito daga gwiwa zuwa ƙasa, ki jawo gefe biyun gaba ki murɗe su ki soke. Ta biyun ta fi riƙo, ta fi iska. Daga nan majanyi: tsakiyarsa a ƙarƙashin mazaunai, a baje shi daga bayan wannan gwiwa zuwa bayan waccan, a ja shi gaba yana hawa sama, a ƙulla sau biyu. Ƙulli ɗaya yana warwarewa da tafiya. Wasu kan ƙulla a saman ƙirji a kan sokewar zane, wasu a ƙasan nono. Ni in yaro ƙarami ne a sama nake ƙullawa don ya ƙara kulle zanen, in ya yi nauyi sai in mayar ƙasa don haƙarƙari da ƙugu su raba nauyin.

Kin miƙe, to ki gwada. Ki ɗan sunkuya ki miƙe: in kika ji jikinsa ya rabu da naki ya dawo, goyon bai tamke ba. Ki sa tafin hannu tsakanin zane da bayansa, ya kamata ya shiga da ƙyar. Ki taɓa gwiwoyinsa, su kasance daidai da mazaunansa ko sun ɗan fi su tsawo. Ki duba madubi, ko ki ɗaga waya ki ga fuskarsa, ko ki ce wa wanda ke kusa, "Duba min hancinsa." Zane yana saki da motsi da zufa, don haka gyara goyo ba alamar rashin iyawa ba ce. Da kin ji mazaunansa sun sauko kan naki, ki sunkuya, ki sa hannu biyu ƙarƙashinsa ki ɗago shi, ki sake jan bakin sama. Goyon da ya yi ƙasa yana jan uwa baya, ita kuma ta riƙa karkata gaba don ta daidaita, daga nan ciwon tsatso da na wuya ke farawa.

Numfashi shi ne abin da ba na wasa da shi, kuma nan ne nake ganin muna da sakaci. Hanyar iskar jariri siririya ce, mai laushi. In haɓarsa ta faɗa kan ƙirjinsa, hanyar tana lanƙwashewa ta matse, kuma ba shi da ƙarfin ɗago kai, ba shi ma da iskar da zai yi kuka. In fuskarsa ta nutse a bayan uwa ko a cikin ninkin zane, haka nan. Abin tsoron shi ne duk wannan shiru yake faruwa, uwa tana cewa ai ya yi barci. Ma'aunin da nake amfani da shi: yatsa ɗaya zuwa biyu su shiga tsakanin haɓa da ƙirji, hanci da baki a buɗe babu abin da ya taɓa su. A shekarar 2010 hukumar da ke kula da ingancin kayan masarufi a Amurka ta yi gargaɗi a kan wani nau'in abin ɗaukar jarirai mai kama da jaka, wanda jariri ke kwanciya a ciki a naɗe, bayan mutuwar jarirai ta wannan hanya, kuma aka janye kusan miliyan ɗaya daga kasuwa. Gargaɗin ya fi ƙarfi a kan 'yan ƙasa da wata huɗu, da bakwaini, da marasa nauyi, da masu mura ko wahalar numfashi. Goyonmu a tsaye yake sa yaro, wanda ya fi waccan jakar nesa ba kusa ba, amma in ya saki yaro ya zurma ciki ya dunƙule, haɗarin ɗaya ne.

Sai hijabi. Mu masu fita da goyo ƙarƙashin dogon hijabi mun san yadda cikinsa yake da rana tsaka. Iskar da yaro ya fitar ita yake sake shaƙa, zafin jikin uwa da nasa sun taru ba mafita, kuma ba mai ganin fuskarsa. Ban ce a bar sutura ba. Abin da nake yi shi ne in zaɓi hijabi mara kauri mai faɗi a ranar da zan fita da goyo, in riƙa ɗage gefensa iska ta shiga, in riƙa kai hannu baya ina taɓa wuyansa da fuskarsa. Inda hali ya yi, goyo a kan hijabi ya fi, kansa a waje da 'yar hula. A layin awo ko na riga-kafi, ko a cikin cunkoson kasuwa, da kin sami wurin zama ki sauke shi ki riƙe a cinya. In wuyansa ya jiƙe sharkaf, jikinsa ya yi zafi, ko ya yi laƙwas ba ya motsi yadda ya saba, ki kwance nan take. In leɓɓansa sun canja launi ko numfashinsa yana fita da gurnani, asibiti za a nufa, ba jijjiga ba.

A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, riga ɗaya mara nauyi ta ishe shi, domin zane riga ne, jikinki kuma murhu ne a gare shi. Ƙurajen zafi a wuya da ƙirji da matsematsi daga dogon goyo cikin zufa suke zuwa. A riƙa saukewa ana goge jiki, a bar shi ya sha iska, a canja zane in ya jiƙe. Wanda bai kai wata shida ba ba a ba shi ruwa saboda zafi, nono ake ƙara masa akai-akai. Ke ma mai shayarwa ki lura da ƙirjinki. Ɗaurin da ya danne nono na tsawon sa'o'i yana toshe hanyar ruwan nono, sai wuri ɗaya ya yi tauri yana zafi, in aka bar shi ya kawo zazzaɓi da kumburi. In kin ji nono ya cika, lokacin kwance goyo ya yi.

Ana yawan cewa goyo ne ke sa wa yaro ƙafar baka. Ba haka ba ne. Kusan kowane jariri da ɗan lanƙwasar ƙafa ake haifarsa saboda zaman ciki, kuma tana miƙewa da kanta wajen shekara biyu zuwa uku. Wadda ke ƙaruwa maimakon raguwa galibi ciwon laushin ƙashi ne, kuma binciken da likitoci suka yi a Jos ya nuna cewa a yaranmu ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban sababinsa. Zaman goyo kuwa, cinyoyi a buɗe, gwiwoyi a lanƙwashe sama irin zaman kwaɗo, shi ne zaman da ke sa kan ƙashin cinya ya zauna daram cikin gurbinsa a ƙugu, har ma irinsa likitocin ƙashi ke sa jaririn da aka haifa da gocewar ƙugu. Abin da ke cutar da ƙugu shi ne a haɗe ƙafafun jariri a miƙe a ɗaure. Sai dai jariri sabon haihuwa ba a tilasta masa buɗe ƙafa fiye da yadda yake buɗewa da kansa. In ƙugunki ya yi masa faɗi, ƙafafunsa su kasance a lanƙwashe cikin zane tukuna.

Dalilin goyo dai shi ne uwa ta sami hannunta, amma ba kowane aiki ake yi da shi ba. Shara, wanki, wanke-wanke, tsintar shinkafa, duk ba laifi, sai dai in za ki ɗauki abu a ƙasa ki tsuguna da gwiwa maimakon ki kife da ƙugu, musamman da yaron da hannayensa ke waje. Girki a murhun itace ko gawayi da goyo ba na yi: hayaƙin da ke sa ke hawaye yana shiga huhun da bai gama ƙwari ba, gefen zane yana iya kama wuta, kuma in kin juya baya kin juya shi ne ga tukunya. Suya da mai ko sauke ruwan zafi, a ajiye shi tukuna. Yaro daga wata biyar zuwa shida yana miƙa hannu ya kamo abin da ba ki gani ba, wuƙa a kan tebur, wayar wuta, bakin tukunya. Daka da goyon jaririn da wuyansa bai yi ƙwari ba yana girgiza masa kai da yawa. Jan ruwa a rijiya mara murfi kuwa, ko da goyon ya tamke, ban yarda da shi ba. Wajen shiga ƙofa ki tuna kin ƙara faɗi ta baya da gefe, ƙafafunsa da kansa su ke bugun ƙyaure. A mota ko adaidaita sahu kada ki jingina da goyo. Ki kwance shi ki dawo da shi gaba kafin ki zauna, in motar gida ce kuma akwai kujerar jarirai, ita ce wurinsa. A kan babur, yaron da ke bayan uwa shi ne wanda ya fi kowa rashin kariya.

Ɗaukar ƙirji na koye ta ne a wajen ma'aikatan jinya, kuma ita ce ake yi wa bakwaini da duk jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba. Ana kiranta renon kangaru. An fara ta a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, lokacin da kwalaben jarirai suka yi kaɗan a asibiti. Wani babban bincike da aka buga a 2021, wanda aka yi a Najeriya da Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya, ya nuna fara ta nan da nan bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kusan kashi 25 cikin ɗari, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa fara ta tun daga haihuwa, sa'a 8 zuwa 24 a rana. Yadda ake yi: jariri ba riga, sai kunzugu da hula da safa. A sa shi a tsaye tsakanin nonon uwa, fata da fata, kansa ya juya gefe ɗaya ya ɗan ɗaga, hannaye da ƙafafu a lanƙwashe. A zagaya zane, bakin sama daidai ƙasan kunnensa, a tamke a wajen ƙirjinsa, a bar wajen cikinsa da ɗan sauƙi domin da ciki jariri ke numfashi. Uwa ta sa riga mai buɗaɗɗen gaba a kai. In za ta kwanta, ta jingina da matasai a kishingiɗe, ba ta shimfiɗe ba. In za ta yi wanka ko ta huta, uban yaro ko kakarsa su karɓa, jikinsu ma yana ɗumama shi.

Ƙyallayen zamani da ake sayarwa yanzu a shagunan kayan jarirai da intanet, na yi amfani da iri uku. Na farko dogon ƙyalle ne mai talewa, irin yadin singileti, tsawonsa wajen mita biyar, faɗinsa rabin mita ko fiye kaɗan. Shi ana ɗaura shi ne kafin a sa yaro. Ki sa tsakiyarsa a kan cibiyarki, ki kai gefe biyun baya ki gicciya su, ki ɗauko su ta kan kafaɗu zuwa gaba, ki zura su ta ƙarƙashin wancan na cibiya, ki sake gicciya su a ƙirji, ki kai baya ki ƙulla, in ya yi saura ki dawo da shi gaba. Ya kama jikinki kamar riga matsattsiya. In kika bar wa yaro wuri, da kin sa shi zai zurma, domin yadin da kansa zai buɗe masa. Ki saɓa shi a kafaɗa, ki zura ƙafa ɗaya cikin gicciyen da ke manne da jikinki, ki baje yadin daga gwiwa zuwa gwiwa, ki yi haka da ɗaya ƙafar, sannan ki jawo na cibiya ya hau kan bayansa har ƙeya. Ninki uku ke nan, kuma ukun duka ake bukata. Yaron ya zauna sama, inda in kin sunkuyar da kai leɓenki zai taɓa kansa. Ba a goyo a baya da wannan yadin, domin yaro na iya banƙarewa ya fita. Yana da daɗi a watannin farko, amma da yaro ya kai kilo shida zuwa bakwai sai ya fara lotsawa, kuma ninki uku a zafin Kano ko Sakkwato ba ƙaramin abu ba ne. Gefensa yana jan ƙasa wajen ɗaurawa, don haka ki ɗaura tun daga gida. In tela zai yi miki, ya yanka mita biyar ta tsawo a tsaga biyu ko uku, kada ya haɗa guntaye da ɗinki a tsakiya, don nan nauyi ke sauka.

Na biyu mai zobe ne: ƙyalle wajen mita biyu da zobba biyu a gefe ɗaya. Ana zura jelar ta cikin zobban biyu, a dawo da ita ta kan na farko ta ƙarƙashin na biyu, a baje yadin cikin zobe kada ya cukurkuɗe, in ba haka ba ba zai ja ba. Zobban su zauna ƙasan ƙashin wuya kaɗan, yadin ya baje a kan kafaɗa, ba a gefen wuya ba. Bayan kin sa yaro, ki cusa bakin ƙasa tsakaninki da shi har ya kai bayan gwiwoyinsa, sannan ki riƙa jan jelar kaɗan-kaɗan, bakin sama daban, tsakiya daban. Ya fi kowanne saurin sawa da cirewa, kuma yana da sauƙin shayarwa, amma bayan shayarwa a mayar da yaro tsaye a sake tamkewa, kada a bar shi kwance a ciki. Nauyin a kafaɗa ɗaya yake, sai a riƙa sauya kafaɗa. Zobban dole su zama waɗanda aka yi don wannan aiki, marasa mahaɗi. Zoben labule ko na jaka yana buɗewa.

Na uku shi ne mai maɗauri da ƙugiyoyin roba, wanda maza suka fi yarda su saka. A nan abin dubawa shi ne faɗin mazaunin. Da yawa daga masu araha mazauninsu siriri ne, yaro yana rataye ta tsakanin cinyoyi ƙafafu na lilo. Ki nemi wanda ke tallafe cinya har gwiwa, mai ɗamara mai faɗi a ƙugu. In na gwanjo ne, ki ja kowane ɗinki da ƙarfi, ki rufe ki buɗe kowace ƙugiya ki ji ta yi ƙara, ki duba ba ta tsage ba. Juya yaro yana kallon gaba sai wuyansa ya yi ƙwari sosai, na ɗan lokaci, kuma da ya fara gyangyaɗi a juyo da shi, don kansa zai faɗa gaba ba abin tarewa.

Game da ba yara goyo, 'yar shekara shida ko bakwai ba ta da ƙarfin tamke zane, kuma in ta yi tuntuɓe tare za su faɗi. In za a ba yayarsa, ta zama ta yi wayo, shi kuma ya iya zama, babba ya ɗaura mata ya ƙulla majanyi da hannunsa, kuma a cikin gida.

Saukewa ma da tsarinta. Ki je bakin gado ko katifa, ki sunkuya, ki kwance majanyi tukuna, hannu ɗaya ya koma ƙarƙashin mazaunansa kafin ki taɓa sokewar sama. In idonsa biyu, ki zamo da shi ta ƙarƙashin hammata zuwa ƙugu, yadda ya hau. In barci yake, ki zauna a bakin katifa, ki riƙe gefen zane biyu a tamke da hannuwanki, ki kwanta baya a hankali har bayansa ya taɓa shimfiɗa, sannan ki saki ki zame. Ki janye zanen daga kusa da fuskarsa, ki bar shi a rigingine, ba a kife ba. Ki duba cinyoyinsa da bayan gwiwa: shatar zane da ke ɓacewa cikin 'yan mintoci ba komai, amma in ƙafa ta yi sanyi, ta kumbura ko ta canja launi, majanyin ya yi siriri ko ya matse wuri ɗaya, gobe a ƙara baje shi.

Yaro ɗan shekara ɗaya yana kai wajen kilo tara zuwa goma, ɗan shekara biyu wajen sha biyu. A wannan nauyin zane ɗaya ba ya isa tafiya mai nisa, sai da majanyi mai kauri, wani lokaci biyu, ɗaya a ƙarƙashin mazaunai ɗaya a tsakiyar baya, don yaro mai wayo yana banƙarewa in ya ga abin da yake so. In wani ciki ya shiga kafin yaye, ƙulli ya koma saman ƙirji gaba ɗaya, kada komai ya zagaya ciki, a rage tsawon goyo, kuma mai fama da ciwon mara, zubar jini ko hawan jini ta bar shi har ta yi magana da masu awo.